Abin da Na Gani a Wuyan Inna

Tun da na dawo daga Kano ba ni da sakat. A gidan suna, a bakin famfo, har a wurin gaisuwar mutuwa, sai wata ta matso ta ce, "Malama Sa'a, wai yaya Kanon take? An ce mota ta fi mutum yawa?" Ni kuwa in ce lafiya lau, in kawar da kai. Waɗanda suka san ni sun san ba halina ba ne. Shekara talatin ina koyarwa a lakol a nan Gidan Rumji, ba a taɓa cewa bakina ya gaji ba. To yau zan ba ku labarin duka, har da wanda ba ku tambaya ba.

Ba yawo ya kai ni ba, ƙanwata Barira na raka asibiti. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme ta da shekara takwas. Duk amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu cikin shekara ashirin ɗin nan, guɗar Barira ce ta raka ta. In ta kama hanci ta rangaɗa, har 'yan kasuwar dabbobi sai sun san an yi aure. Ga jiki Allah ya ba ta, ga dariya. Sai ciwon sukari ya kama ta, ƙiba ta haɗu da ciwon gwiwa, tashi daga tabarma ya zama aiki.

Ɗanta Sanusi, da ke aiki a ƙasar waje, ya ce akwai wata allura da ake yi sau ɗaya a mako, tana sauke sukari, tana rage jiki. Zai riƙa aikowa, amma sai lokotoro, wato likita, ya yarda. Muka tafi Maraɗi ni da ita. Lokotoron ya auna ta, ya duba takardunta, sannan ya ajiye biro ya ce, "A danginku akwai wanda ya taɓa yin maƙoƙo mai tauri, ko wani ƙulli a wuya da ya zama ajalinsa? In akwai, wannan allurar ba taku ba ce."

Barira ta ce, "Babu. Babanmu mota ce, Innarmu kuwa tari ne da tsufa." Ta juyo ta dube ni. "Ko ba haka ba, Yaya?"

Na ce, "Haka ne."

Ba haka ba ne. Ranar da Inna ta rasu, Barira tana jego a Cadawa, ni da Gwaggo Delu, ƙanwar Babanmu, muka yi mata wanka. Inna ba ta rabuwa da mayafi ko a cikin ɗaki, muna cewa kunya ce irin ta mutanen da. Da muka cire shi sai ga ƙulli a gefen maƙogwaronta, ya kai ƙwan zabo, da tauri, ga wasu ƙanana sun bi gefen wuya. Na buɗe baki zan yi salati, Gwaggo ta damƙe hannuna. Ta ce, "Sa'a, abin da mai wanka ta gani ba na baki ba ne, tare da gawa ake binne shi. In kika faɗa kin tona asirin uwarki, kuma gobe ba mai neman auren jikokinta." Na riƙe wannan magana shekara ashirin. A gaban lokotoro ta taso mini har wuya, na ce a raina ai maƙoƙo ciwon mutanen da ne, tun da aka kawo gishiri mai magani ya ƙare. Na haɗiye.

Allura ta karɓi Barira. A firigon maƙwabta ake ajiye ta don tana son sanyi, kowace Alhamis a ɗauko. Sukari ya sauka, jiki ya zube, ta koma zuwa kasuwa da ƙafa, ta rage duk rigunanta wurin tela. Kowa sai barka yake yi. Bayan shekara da 'yan watanni, a wani biki a Gidan Sori, ta kama hanci za ta rangaɗa, muryar ta karye a tsakiya. Mata suka yi dariya, ita ma ta yi. Da muka dawo gida ta ja ni ɗaki ta ce, "Yaya, taɓa nan ki ji." Na ɗora yatsa. Wallahi yatsuna sun gane shi kafin kaina ya gane.

Lokotoron Maraɗi ya ce a tsayar da allura nan take, ya yi mata hoton wuya, ya ce sai babban asibiti inda ake tsotso ɗan abin da ke cikin ƙullin a auna, ko Yamai ko Kano. Muka zaɓi Kano, don ta fi kusa kuma muna da 'yar uwa a can. Na yi alkawari tsakanina da Allah cewa kafin mu isa zan gaya mata.

Muka tashi da safe, ana tsakiyar girbi, amalanke sai wucewa suke da damman hatsi. A tashar Maraɗi muka samu ƙaramar motar Katsina. Direban wani siriri ne mai goro a baki, ya cusa mu huɗu a baya, biyu a gaba, da buhun wake a ƙarƙashin ƙafafunmu. Barira ta ce masa, "Ka yi sa'a, ɗana. Da bara ne na zo, ni kaɗai ce bayan nan." Aka yi dariya. A cinyarta akwai kular abinci, ta cika ta da ƙanƙara ta sa ragowar allurar a ciki, wai don likitocin Kano su gani da idonsu. Takardun asibiti kuwa ta naɗe su ta sa a ƙarƙashin kular don kada su ɓata.

A Ɗan Isa jandarma suka karɓi katin ɗan ƙasa na kowa. Wani tsoho da ke gaba ya ce shi ba ya da shi, kuma bai ga dalili ba, tun da gonarsa rabi tana nan rabi tana can, kuma jakinsa kullum yana ƙetarawa ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Jandarman ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Muka ɓata kusan awa guda a kan tsohon nan, ina zaune kusa da Barira, kafaɗa da kafaɗa. Ga lokaci Allah ya ba ni, amma na ce a raina ba a irin wannan magana a gaban baƙi.

A ɓangaren Najeriya wata ma'aikaciya mai kaki ta ce a sauke kaya. Ta nuna kular ta ce, "Mama, me ke ciki?" Barira ta ɗaga, sai ruwa shaa a zanenta. Ashe kular ta tsage, ƙanƙara ta narke tun Maraɗi, takardun nan sun jiƙe sharkaf. Na ce, "Inna lillahi! Barira, ke da wayonki!" Ma'aikaciyar ta fara faɗa a kan allura ba takarda, amma da Barira ta buɗe baki za ta yi bayani, ma'aikaciyar ta ji yadda muryar ke fita a shaƙe, sai ta bar faɗan. Da kanta ta ɓanɓare takardun ɗaya bayan ɗaya, ta shanya su a kan murfin injin motarmu, ta ɗora duwatsu. Muka tsaya mu uku muna gadin hoton wuyan Barira kada iska ta kwashe. Da za mu tafi ta ce, "Allah ya ba da lafiya, Mama. Uwata ma a Kano aka yi mata aiki."

Daga Jibiya zuwa Katsina ban ƙirga shingayen jami'an tsaro ba, sun yi yawa. Kun san abin da ake faɗa a kan hanyar nan na 'yan bindiga. Motar da ake ta surutu ta yi tsit, direba ya tofar da goronsa, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Barira ta laluba ta kama hannuna. Na ce ya Allah, in ka fid da mu lafiya, a Katsina zan faɗa. Ya fid da mu lafiya. A Katsina na ce bari ta ci abinci tukuna.

Abincin ma ya zama labari. Mai shayin tasha bai tambaye mu ba, ya zuba sukari cokali uku da madara mai kauri, ya miƙo da burodi. Burodinsu ba irin namu dogo mai ɓawo ba ne, laushi gare shi kamar katifa, ga zaƙi. Barira ta gutsura ta ajiye ta ce, "Yaya, ƙasar nan ko burodinsu ciwon sukari gare shi." Ƙarshe dafaffen ƙwai ta ci da ruwan leda.

Mun shiga Kano bayan la'asar. Masu tambayar mota, e, gaskiya ne, amma abin da ya fi yawa shi ne 'yan kekunan nan masu ƙafa uku da suke kira adaidaita sahu, suna kutsawa ko'ina kamar awaki ranar kasuwa. Wanda ya ɗauke mu ya ji na ce "tahiya" sai ya washe baki: "A'a, mutanen Nijar! Sannunku da tahiya!" Na ce masa ya dubi gabansa, ba hira muka zo ba.

Masaukinmu gidan Hajiya Ladi ne, ɗiyar ƙanen Babanmu da aure ya kai can. Ta karɓe mu hannu bibbiyu, Allah ya saka mata. Amma zaman nasu ya ba ni mamaki. Ƙofar ƙarfe a kulle tun da rana, sai ka buga an leƙo ta 'yar taga. Na tambaye ta sunan matar gidan da ke jikin nasu, ta ce ita dai tana kiranta Maman Biyu. Shekara shida suna maƙwabtaka! Ruwa a jarka ake turo shi a kura. Fura kuwa a inji suke markaɗa ta da madarar kanti da sukari da ƙanƙara, ta fito sumul ba gari ba gaya. Na kurɓa na ce wannan ai kunun yara ne. Tuwon shinkafa da gurasa duk ba na Barira ba ne, sai muka kwance garin hatsi da busasshen zogalen da muka zo da su, ni nake tuƙa mata. Kwana biyu a ɗaki ɗaya, daga ni sai ita, ban faɗa ba.

Asibitin gari ne guda. Layin yankar kati daban, layin awon jini daban, layin ganin likita daban, kowanne ka tambaya ya nuna maka wani gini. A kan benci muka haɗu da wata mata 'yar Gumel mai tabo a gindin wuya kamar zaren sarƙa. Ta ce shekara tara da cire mata maƙoƙo, ƙwaya ɗaya take sha kowace safiya, ga ta har ta yi jika uku. Ta dafa Barira ta ce, "Kada ki damu, 'yar uwa, yawancinsa ba mugu ba ne." Na riƙe maganar matar nan da hannu biyu. Na ce in nata irin wannan ne, me zai sa in tona Inna?

Aka tsotsi ƙullin da siririyar allura, aka ɗebi jini, aka ce mu dawo bayan kwana goma. Ranar da muka koma, likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba, da gilashi. Ta sa aka kawo mini kujera. Ta ce wa Barira ciwon daji ne, kuma wani iri ne da ba a cika gani ba, wanda yakan bi jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. Sannan ta yi tambayar nan, kusan kalma da kalma irin ta Maraɗi.

Barira ta ce, "Babu." Ta juyo. "Ko ba haka ba, Yaya?"

Na ce, "Akwai."

Na faɗi komai, da mayafin, da girman ƙullin, da ƙananan da ke gefe, da hannun Gwaggo a kan nawa. Ban dubi Barira ba, kalandar da ke bango nake kallo. 

Barira ta ce, "Ranar da muka je Maraɗi kin sani?"

Na ce, "Na sani."

Na tambayi likitar, don ba zan iya rashin tambaya ba. "'Yata, allurar ce ta jawo mata?"

Ta cire gilashin ta ce, "Mama, ba zan ce ita ce ba, ba zan kuma rantse ba ita ba ce. Masana ba su gama tabbatar da hakan a jikin mutum ba. Mai yiwuwa ƙullin ya daɗe a nan, ƙiba ta rufe shi, da ta rame ya bayyana. Allurar tana taimakon mutane da yawa, amma ba a ba wanda ke da irin wannan a danginsa. Abin da na sani shi ne, da an faɗa a ranar, da ba a ba ta ba, kuma da tun lokacin an duba wuyanta." Ta ce ciwon ya riga ya wuce wuya. Za su yi aiki don ta samu sauƙin numfashi da haɗiya, amma ba za ta yi mana alkawarin abin da ba ya hannunta ba. Ta ce 'ya'yan Barira duka sai an auna su, da ni, da nawa.

A adaidaita Barira ta zauna can gefe, ta bar fili tsakaninmu. Kwana uku ba ta ce mini Yaya ba. In na miƙa mata tuwo ta karɓa, in na gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Hajiya Ladi ta tambaye ni ko faɗa muka yi, na ce gajiya ce. Kun ji, ko a nan ma ƙarya na yi.

Aka yi aikin. Na yi jinyarta kwana goma sha biyu, a kan tabarma a barandar masu jinya, tare da mata daga Haɗeja, daga Zariya, har da wata daga Damagaram da muka gane juna ta bakinmu. Kowa da risho da bokitinta, ana ba juna aron gishiri da ashana, in an fito da gawa duka a tashi a yi salati ko ba a san ta wa ce ba. A nan na ga mutanen Kano da ƙofarsu a buɗe. Barira ta tashi, numfashi ya daidaita, amma muryar ta tafi. Sai raɗa, sai ka kai kunne.

Muka kamo hanyar gida. A iyaka ban ga ma'aikaciyar nan ba, na so in gode mata. Bayan mun ƙetare, motar ta yi faci kafin Ɗan Isa, aka sauke mu. Muka zauna a gindin wata bishiyar dogon yaro, gonaki an gama girbe su, sai kara. Barira ta yafuto ni da hannu. Na kai kunne.

Ta ce, "Yaya."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na ce, "Barira, ki yafe mini. Ni na kashe ki."

Ta ɗan buge ni a cinya, irin yadda take yi in na cika surutu. Ta ce, "Ba ke ke kashewa ba. Na yi fushi, har yanzu da saura, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki ji. Inna ta rufe, Gwaggo ta ce ki rufe, kika rufe. Ni ba za a rufe ni ba. Ke za ki wanke ni. In kin fito, ki faɗi abin da kika gani, da nawa da na Inna, a gaban kowa. Ina da 'ya'ya mata biyu."

Na ce, "Mutane za su ce na tona asirin gawa."

Ta ce, "Gawar ce ta aike ki."

Wata biyar ta yi bayan dawowarmu. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, kanta a cinyata. Na wanke ta da hannuna. Da na fito, tsakar gida cike da mata, na tsaya a bakin ƙofa hannuna bai bushe ba. Na ce, "Jama'a, Barira ta bar mini saƙo." Na faɗa musu abin da ke wuyanta, da abin da na gani a wuyan Inna shekara ashirin da biyu da suka wuce, na ce ciwo ne mai bin jini, kuma duk wadda lokotoro ya tambaya ciwon iyayenta ta je ta tambayi wadda ta yi musu wanka. Wasu tsofaffi suka rufe baki da mayafi. Wata ta ce a bayana, "Malama ta zauce." Da yawanku kuna wurin, kun ji da kunnenku. Abin da ban iya faɗa ba a ranar shi ne abin da na ce a Maraɗi, shi ya sa in kun tambaye ni Kano nake kawar da kai. Yau kun ji shi.

An auna mu duka. Ni da nawa da Sanusi da Zuwaira, babbar ɗiyar Barira, ba a ga komai ba. Nafisa, autarta, aka samu ɗan ƙulli bai kai ƙwayar wake ba. An cire tun bai je ko'ina ba, tana shan ƙwayarta kowace safiya kamar matar nan 'yar Gumel.

Watan jiya aka kai Nafisa ɗakin miji. Uwar angon tana cikin matan da suka ji ni ranar wanka, kuma ita da kanta ta zo neman auren. Gwaggo Delu ba ta da rai, balle in gaya mata. Amarya ta ƙi a ja mata mayafi har wuya, tabon yana waje kowa na gani. Muka isa ƙofar ɗaki, aka yi addu'a, aka ce ta shiga da ƙafar dama. Sai mata suka tsaya suna jira, kamar yadda muka saba shekara ashirin. Akwai masu iya guɗa a cikinmu, sun fi biyar. Ba wadda ta kama hanci. Haka Nafisa ta shiga ɗakinta shiru, ni kuma na koma bayan katanga na yi kukana.